Kaluluwar da Gwaggo Ta Bar Wasiyya a Kanta

Gwaggon maigidana ta rasu ranar Talata bayan azahar, kafin rana ta yi sanyi an kai ta makwancinta. Yayar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi tun yana maraya. Don haka a gidanmu ita ce uwar miji, a ƙauyenmu da ke bayan Yankara kuma ita ce ungozoma. Kwana uku tsakar gidan nan bai huta ba. Mata sun zo daga Ketare, sun zo daga Damari garin iyayena, wasu a ƙafa wasu a bayan babur, duk da yadda hanya ta zama yanzu.

Ni ce mai kai ruwa, ni ce mai dakan gumbar sadaka, shi ya sa babu maganar da ta wuce kunnena. Wata tsohuwa daga Ketare ta zame mayafi ta nuna tabo a gefen wuyanta, ta ce, "Kun ga wanga? Hannunta ne. Ba don ita ba da tuni na zama ƙasa." Mata suka ce Allah sarki. Wata ta ce 'ya'yanta tara duk a tafin Gwaggo suka faɗo. Wata kuma ta ce ita ba ta taɓa jin Gwaggo ta ɗaga murya ba. Nan na tsayar da taɓarya na dube ta, don in gane ko wata Gwaggon take nufi.

Yayar maigidana ta gan ni. Ta ce, "Ke 'yar Damari, idonki ƙamas. Ko ɗigo ɗaya babu?"

Na ce, "Yaya, hayaƙin murhu ya busar min da shi."

Ta ce, "Muna dai gani."

Ban yi kuka ba, kuma ba zan rubuta cewa na yi ba. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne, tun ba a yi bakwai ba aka fara goge ta ana mayar da ita wata mai sanyin hali da ban taɓa zama da ita ba. Nan da shekara biyu ba wanda zai tuna yadda take. Wadda na zauna da ita shekara shida tana da zafi, tana da hannu, kuma maganarta ta ƙarshe a duniya a kaina ta sauka. Ta bar wasiyya a yi wa jaririna sakiya, wato a gasa ƙarfe a wuta a huda kaluluwar da ta fito mashi a hammata. Ni kuma na ce ba za a yi ba. A kan haka muka rabu.

Doguwa ce, busasshiya, bakinta kullum ja da goro. Tana da wani tsohon turmi da ya tsage, ta kife shi a gindin bedin tsakar gida, a kai take zama tana mulkin kowa. Ba ta kiran mutum da sunansa. Ni 'yar Damari ce, daga baya da na fara kai yara awo na koma Likita. Idan ta ɗanɗana miyata sai ta ajiye ludayi ta ce, "Halan a Damari gishiri haramun ne?" Washegari in ƙara, ta ce na zo kashe ta. Idan aka kawo mata yaro mara lafiya ba ta tambayar uwar komi. "Kawo shi nan. Ke kuma yi min shiru, ba ke ke ciwon ba." Sai ta rufe ido ta bi jikinsa da babban yatsa. Tana gane zazzaɓi da bayan hannunta kafin uwar yaro ta gane, wannan ba zan hana mata ba. Ƙarfen sakiyarta wata tsohuwar kibiya ce da aka goge wa kunnuwa, tana ajiye ta cikin gwangwanin madara a saman ƙofarta. Yaran unguwa ko ƙwallonsu ya faɗa wajen ba su zuwa ɗauka.

Dole in faɗi alherinta, don yana kaina. Haihuwata ta fari, ɗiya mace, jini ya ɓalle min da hantsi. Mata suka cika ɗaki kowa da abin da take cewa a jiƙa. Gwaggo ta duba sau ɗaya ta fita, na ji muryarta a zaure tana yi wa maigidana tsawa: "Tayar da babur ɗin nan! Wanga ya fi ƙarfin hannuna." Ita ta hau bayana ta riƙe ni har asibiti, ƙafarta na jan ƙasa, takalminta ɗaya ya faɗi ba ta ce a tsaya ba. Da muka dawo, mahaifiyata ba ta samu zuwa ba don an rufe hanyar Sabuwa a lokacin. Gwaggo ce ta yi min wankan jego kwana arba'in, safe da yamma, da ruwan zafi da ganyen bedi, ta dama min kunun kanwa. Kuma kwana arba'in ɗin nan babu ranar da ba ta zage ni ba. Ragguwa, mai jikin auduga, wadda uwarta ba ta koya wa komi ba. Ina kuka tana watsa min ruwa. Da hannun da ta cece ni, da bakin da ta ci min mutunci, lokaci guda suke aiki.

Abin da ya raba mu ya faru da ɗiyar nan tana shekara biyu. Ta fara ɗingishi, na duba na ga kaluluwa a matsematsinta na dama. Na ce bari in dawo daga niƙa in duba ƙafar da kyau. Tun daga bakin rijiya na jiyo ihunta. Ina shiga na tarar da Yaya ta danne ta, Gwaggo na mayar da kibiya cikin gwangwani, gidan duk ƙaurin nama. Ba wanda ya tambaye ni. Gwaggo ta ce, "An gama. Ba ta nono ta yi shiru."

Wurin ya kumbura ya ninka na da. Ya yi ruwa, ya yi wari, wata biyu ina wanke shi. A rana ta huɗu ina wanke mata ƙafa na ga wani baƙin ɗigo a ƙarƙashin babban yatsanta na dama, na sa allura na zaro ƙayar aduwa. Na kai wa Gwaggo a tafin hannuna. Ta dube ta ta ce, "Tau, mi ya haɗa yatsa da cinya?" Na dai lura cewa gefe ɗaya suke. Yarinyar ta warke, amma har yau idan aka hura garwashi a kasko sai ta ɓoye bayan randa.

Da na haifi yaron nan, Gwaggo ta ɗauke shi ta ce ga angonta ya iso. Tana son shi, ban ce ba ta so ba. Na kai shi aka yi mashi allurar da ake yi wa jarirai a dantsen hagu, ta rigakafin tarin fuka. Yana wata biyu da 'yan kwanaki ina mashi wanka na ji abu a hammatarsa ta hagu, kamar ƙwan kurciya, yana gudu ƙarƙashin yatsa. Ban gaya wa kowa ba. Ranar kasuwar Yankara na ce zan sayo daddawa, na bi motar 'yan kasuwa na wuce ƙaramin asibiti.

Malamar asibitin ta danna wurin a hankali, ta taɓa goshinsa, ta tambaye ni ko yana shan nono. Na ce kamar zai cinye ni. Ta yi dariya ta ce in zauna. Ta ɓata lokacinta ta yi min bayani, kuma na riƙe shi kamar karatun allo.

Ta ce a cikin jini akwai wasu fararen ƙwayoyi, su ne masu tsaron jiki. Ba su da ido, ba su da kunne. Na ce to ya suke sanin inda ɓarna take? Ta ce naman wurin da aka taɓa ne ke sakin wani abu mai kiran su, ta faɗi sunansa na boko, kemokayin. Ba murya ba ce, ya fi kama da ƙamshi. A bakin ciwon yana da ƙarfi, can nesa yana da rauni, su kuma sai su bi daga inda ya yi rauni zuwa inda ya yi ƙarfi har su iso. Ta ce kiran ma iri-iri ne, kowane da waɗanda ke amsa shi. Wani na jawo masu faɗa zuwa bakin ciwo. Wani kuma na jan waɗanda suka ga abokin gaba da idonsu, ya kai su kaluluwar da ta fi kusa, don a can ne sauran ke jira.

Ta ce, "A ƙauyenku idan aka hangi baƙin babura a bakin daji, mi ake yi?"

Na ce, "Wanda ya gani ya ruga ƙofar mai gari, maza su taru."

Ta ce, "Tau kaluluwa ita ce ƙofar mai gari. Allurar nan ta nuna wa jikinsa kamannin ɓarawo, wanda aka riga aka karya wa ƙarfi. Sun kai labari, sun taru, suna ƙaruwa, suna koyon fuskarsa don ranar da na gaskiya zai zo. Taron ne kike ji a yatsanki. Ba kowane yaro ke yin haka ba, amma ana samu, kuma yawanci da kanshi yake sauka. Yakan ɗauki watanni."

Na ce, "Idan aka yi sakiya fa?"

Fuskarta ta canza. Ta ce ƙuna ma ciwo ce, ita ma za ta saki nata kiran, mai ƙarfi. Sai wasu masu faɗan su yi ca a wurin, ya ƙara kumbura, ga ƙofa an buɗe wa datti. Ta ce kar a matsa, kar a gasa, kar a tsaga. Idan ya yi ja, ko ya yi laushi kamar zai fashe, ko yaron ya yi zafi ya ƙi nono, in kawo shi ranar ba sai gobe ba, suna da yadda suke yi. A cikin mota ina dawowa na tuna ƙayar aduwa. Yatsa ne ya yi kira, cinya ta tara jama'a, aka bar ɓarawo a yatsa aka ƙone ƙofar mai gari.

Kwana biyu bayan nan koko ya zube min a bakin murhu. Na tsuguna ina kallon tururuwa. Ɗaya ta fara zuwa, ta koma, sai ga layi tun daga gindin katanga, babu mai ɓata hanya. Na goge tsakiyar layin da yatsa, suka rikice suna zagaye. Ban san daɗewar da na yi ba sai da na ji muryar Gwaggo a kaina.

"Likita, yau kuma tururuwa ake dubawa? Miƙo min angona."

Ban iya hana ta ba. Yatsanta ya tafi kai tsaye hammata, kamar an gaya mata. Ta buɗe ido ta dube ni.

"Tun yaushe?"

"Kwana shida, Gwaggo."

"Kwana shida kina kwana da mugun abu a jikin yaro kina ɓoyewa. Hura min wuta."

Na karɓe shi na goya, na ce ta yi haƙuri ta saurare ni. Na faɗa mata duk abin da aka gaya min, da kiran, da masu tsaron, da taron. Ta bari na gama, sannan ta tofar da goro.

"Sojoji. A hammatar jariri. Ku zo ku ji! Ashe muna da sojoji a gidan nan muke kwana da takalmi a ƙafa. Tau ki ce su fito su tsare mana hanyar gona mana."

Matan gida suka kwashe da dariya. Na ce, "Gwaggo, ƙayar da na nuna maki fa?"

"Ɗiyarki tana raye ko ta mutu?"

"Tana raye."

"Wa ya yi mata magani?"

Na ce, "Allah." Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Ta ce wuyana ya yi kauri. Ta ce 'yan asibiti su suka cusa mashi ciwon da allurarsu, yanzu kuma suna cewa a zuba ido. Ta ce abin da ya taru a jiki in ba a ba shi ƙofa ba ciki yake komawa. Da maigidana ya dawo gona ta tare shi a zaure. Ya shigo ya ce min, "Ki bi ta a hankali." Ita ma ya ce mata, "A ƙara kwana biyu." Haka yake, kowa ya ba shi rabin magana.

Wata guda ban sauke yaron nan inda idona ba ya kaiwa ba. Da shi nake niƙa, da shi nake shiga banɗaki. Idan zan yi salla in kwantar da shi gaban dardumata. Gwaggo na zaune kan turminta tana bin mu da ido, wani lokaci ta ce, "Angona, uwarka ta hana mu gaisawa." Wani lokaci in ga hannunta ya miƙo da kanshi, ta mayar da shi cinya. Na san tana kewar shi. Ban ba ta ba.

Ranar Asabar tana sheƙar dawa ta faɗi, ɓarin jikinta ya mutu, baki ya karkace. Kwana uku ba ta magana. Ni na riƙa juya ta, ni na riƙa wanke ta, da yaron a bayana. Ranar Talata da hantsi bakinta ya ɗan saki. Ɗakin cike yake, ina riƙe da kofin ruwa. Na ɗauka za ta ce a yafe mata, ko ta ce ta yafe. Ta nemo ni da idon da ke aiki, ta ce, kowa na ji, "Ku yi wa angona sakiya. Kar ku bari ta kashe shi."

Ba ta sake cewa komi ba sai kalmar shahada da aka laƙƙana mata.

Ranar bakwai da safe, bayan maza sun yi addu'a an raba waina, na ga Yaya ta sauko da gwangwanin, ta zuba garwashi a kasko. Ta daɗe tana danne wa Gwaggo yara, ta ce ta iya. Na ɗaure yaron da zane biyu, na je tsakiyar matan na zauna, bayana a jikin katanga.

"Sauko da shi."

"Ba zan sauke ba, Yaya."

"Wasiyyar mamaci ce. Kina so a tsare ta a kabari saboda taurin kanki?"

"Allah ba Ya tsare kowa a kan hammatar ɗana."

Aka yi salati. Wata ta ce a Damari haka ake tarbiyya? Wata ta ce matar da ta wanke ki kwana arba'in. Sai aminiyar Gwaggo, wata tsohuwa, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ɗiyata, ke ba ki sani ba. Marigayiya ta taɓa haihuwa, namiji, guda ɗaya tak. Wuyansa ya kumbura, aka ce a bari zai sauka. Aka bari. A bayanta ya cika. Tun ranar ta je ta koyi ƙarfen nan."

Shekara shida ba wanda ya gaya min. Na ji abin ya soke ni, don na san nauyin yaro a baya. Amma ban kwance zanen ba. Na ce, "Allah Ya jiƙan shi, Baba. Nashi ciwon daban, na wannan daban. An duba shi."

Yaya ta matso har ina jin zafin kaskon. Ta ce, "Idan ya mutu fa?"

Tambayar da nake yi wa kaina ke nan kullum. Na ce, "Idan ya mutu, a wuyana."

Maigidana na tsaye bakin zaure, ban san tun yaushe ba. Na jira ya ce ɗansa ne shi ma. Ya ce, "Kun dai ji ta ɗauka a wuyanta. Ku kashe wutar." Ya juya ya fita.

Yau kwana talatin da uku da rasuwarta. Yaya ba ta amsa gaisuwata. A rijiya idan na iso hira takan tsaya. Na koma asibiti sau biyu, malamar ta danna ta ce mu ci gaba da haƙuri. Kullum da safe kafin in hura wuta sai na ɗaga hannunsa na duba ko ya yi ja, na taɓa ko ya yi laushi. Daga ƙwan kurciya ya dawo kamar gujjiya. Bai tafi ba. Wata ran sai in ga kamar ya ƙaru, in kira ɗiyata ta taɓa, ita da ba ta san komi ba.

Gwaggo, zagin na yafe, har da na gishiri. Ranar da kika riƙe ni a kan babur ba zan manta ba, zan gaya wa yaran nan idan sun girma. Amma kin san abin da kika yi da numfashinki na ƙarshe. Kin san ni mai tsoro ce, kin zaɓi maganar da za ta zauna. Yanzu ko atishawa ya yi sai in ji ki. Wannan ban kai ga yafe shi ba tukuna, kuma ba zan yi maki ƙarya kina kwance ba.

Allah Ya yalwata maki wurin kwanciya, Ya haɗa ki da yaronki da aka ce ki bari. Nawa yana nan, ya fara koyon zama, yana kama duk abin da ya gani ya kai baki. Ban sauke shi ba.